Duna zai hau baro

Laraba da dare, Gude

Yau ma karena Duna bai ci tuwo ba. Sai kaɗa kai yake yi, yana sosa kunnen hagu da ƙafa har jini, ga wari. Na yi masa fito bai juyo ba, birai suka shiga masara yana kwance. Da can tun daga kan dutse yake jin motsinsu.

Maƙwabcina Yohanna ya leƙo ya ce, "Baba, shafa masa baƙin mai kawai, ko ka sayar wa masu nama tun da sauran ƙiba."

Na ce, "Kai da haƙoranka suka zube, an sayar da kai ne?"

Baƙin mai na korar ƙuda ne a bakin kunne, na san wannan tun karnukan babana. Ciwon nan a ciki yake, inda ido ba ya kaiwa. Sai likitan dabbobi a Mubi.

Mai keke ya ce shi ba ya ɗaukar kare. To, ya riƙe kekensa. Na shimfiɗa buhu a baro, da asuba zan tura shi. Gwiwata za ta yi ƙorafi, ta yi mana. Ai ba ita ke gadin masara ba.