Rigar da Wendell Ya Ƙi Sawa

Litinin, 18 ga Nuwamba

Gari ya fara komawa launin ruwan lemo. Kowane gida an shanya rigunan farauta masu launin nan a igiya don iska ta kwashe warin ɗaki, kada barewa ta sunsuno sabulu da soyayyar albasa. Ranar Asabar za a buɗe farautar bindiga. Na bi ta gaban igiyoyin nan a mota a hankali, ina jira in ji wani abu a ƙirjina. Ban ji ba. Igiyata tawul biyu ne kawai, su ma sun daskare.

Talata, 19 ga Nuwamba

Verna, mai kantin gidan man da nake aiki, ta ce in ɗauki hutun mako. Na ce hutu in yi me da shi, in zauna a gida ina sauraron harbi?

Da hantsi Orrin mai farauta da kwari da baka ya shigo cikin rigarsa ta saje, mai zanen ganye da ɓawon itace, yana mita wai daga Asabar doka za ta sa masa rigar ruwan lemo. "Ni da na iya ɓuya, a mai da ni kabewa? Barewa tana hango ni tun daga garin gaba." Kawu Gunnar yana gefe da kofinsa, ya ce, "Kai dai ka girma ba ka yi hankali ba. Barewa ba ta ganin launin nan, toka-toka take ganinsa. Ba don ita aka yi rigar ba, don surukinka aka yi ta, mai rawar hannu." Aka fashe da dariya. Sai wani ya tuna ina tsaye a bayan kanta, dariyar ta mutu a bakinsu. Da sun ƙarasa abarsu da ya fi mini sauƙi.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Fasto ya ce in rubuta abin sau ɗaya, daga farko zuwa ƙarshe, wai yana rage nauyi. To ga shi.

Bara, rana ta uku da buɗe farauta, mijina Arvid ya kashe namijin barewa a cikin fadamar da ke bayan gonarmu. Ya fara jansa zuwa hanya, gumi ya dame shi, ya cire rigar ruwan lemo ya rataye a reshe. Kowa yana yin haka. Kowa ya san ba a yi, kuma kowa yana yi. Ta ciki ruwan ƙasa ce, ni na saya masa. Ya sunkuya ya kama ƙaho yana ja da baya. Ƙanena Wendell yana tsaye a bakin fadamar, inda aka ajiye shi ya tare abin da masu kora za su taso. Ya ga ƙaho, ya ga ruwan ƙasa yana motsi a duhun itatuwa. Harsashi ɗaya. Wendell ba ya kuskure, Arvid ne ya koya masa.

Kotu ta ce tsautsayi ne, ta karɓe masa lasisin farauta. Ni kuma tun ranar jana'iza ban yi masa magana ba. Ba gaba nake da shi ba. Gaba ma aiki ce, ba ni da ƙarfinta.

Na rubuta. Nauyin yana nan inda yake.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Motocin baƙi daga kudu tun safe. Giya, cuku, batir, safar hannu. Ƙafafuna kamar ba nawa ba.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Harbin farko ya same ni ina wanke kofi. Na gama wankewa, na kife shi.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Kawu Gunnar ya biyo ni gida bayan coci, bai ko cire hula ba. Wai jiya an ga Wendell a cikin fadama. Ba bindiga, ba ruwan lemo, rigar saje tun daga wuya har ƙafa, yana ta yawo a gaban masu kora. Wani baƙo ya ɗora shi a bakin bindiga, yatsa a kan kunama, sai Allah ya sa Wendell ya yi tari. Mutumin ya zauna a ƙasa yana amai, ya tattara kayansa ya koma garinsu.

"Kin gane abin da yake nema ko sai na fassara miki?" in ji Kawu. "Mun yi masa magana, kamar da dutse. Ke kaɗai kika rage. Lorna, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Na ce, "Kofi za ka sha ko shayi?"

Ya juya ya fita. Ya bar mini dusar ƙanƙara a kan darduma.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Rana ta uku da buɗe farauta. Na je aiki.

Jami'in gandun daji ya tsaya shan mai, Verna ta tare shi. Ya ce dokar ruwan lemo ta mai farauta ce, wanda ya shiga daji hannu rabbana ba ta hau kansa ba, fadamar kuma ta gunduma ce, kowa yana da ikon taka ta. "Roƙonsa zan iya, kama shi ba zan iya ba. Na kuwa roƙa. Ya ce mini iska yake sha." Da Verna yake magana amma ni yake kallo. Na ci gaba da jera gwangwanaye.

Talata, 26 ga Nuwamba

Na gan shi.

Gari ya fara haske ina kan hanyar aiki, ga motar Wendell a gefen fadama. Ya tsallaka titi a gabana, bai ɗago kai ba. Ya rame, wandon yana yawo a jikinsa. Yana shiga cikin itatuwa ya ɓace, rigar ta yi aikin da aka ɗinka ta dominsa. Abu ɗaya ya rage ina gani: farin hankici da ya saƙala a aljihun baya, yana lilo.

Tun muna yara Mama take kwashe fararen hankici daga aljihunmu in Nuwamba ya kama. Barewa in ta tsorata farar jelarta take ɗagawa, ita mafarauci ke nema da ido. Babu ɗan garin nan da bai san wannan ba, balle Wendell.

Na yi ta zama a motar. Ban iya ci gaba da tuƙi ba. Sanyi ne, ina ji.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Su Kawu sun daina kora a fadama, amma baƙi ba su san komai ba, su kuwa sun fi yawa. Kawu ya ajiye wa Wendell rigar ruwan lemo a kan gilashin mota. Da yamma ya tarar an mayar masa da ita ƙofar gidansa, an ninke ta tsaf.

Verna ta ritsa ni a ɗakin ajiya. "Ni ba ruwana da tsakaninki da ƙaninki, ki ƙi shi har kabari in kin ga dama. Amma wanda zai harbe shi fa? Ɗan wata ne. Zai zo neman nama ya koma gida da abin da Wendell yake ɗauke da shi. Ɗaya bai ishi garin nan ba?"

Na ce madara ta kusa ƙarewa a firji. Ta ce, "Allah ya shirye ki," ta buga ƙofa.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Bikin godiya a gidan Kawu. Talotalo, dankali, kabewa. An ajiye wa Wendell kujera, bai zo ba, ba wanda ya ɗauke farantin. Na ci abinci sosai, abin ya ba ni kunya. Da za mu watse matar Kawu ta cika kwano ta danƙa mini: "Hanyarki ce." Ba hanyata ba ce, ita ma ta sani.

Niyyata in ajiye a bakin ƙofar Wendell in juya. Ya buɗe kafin in miƙe.

"Yaya."

"Abinci ne."

Maganar da na tanada shekara guda ke nan, abinci ne. Ya karɓa, hannunsa duk ƙaya ta yayyage. Na juya, sai na ji bakina yana cewa, "Ka cire farin ƙyallen nan." Ya ce, "Kin gani?" Na ce ba ni kaɗai ke da ido a dajin ba. Ya ce, "To ai shi ne."

Ya faɗe ta kamar mai ba da labarin yanayi. Muryarsa irin tawa ce sak, wadda nake ji a bakina tun bara. Ban san haka take a kunnen mutane ba.

Juma'a, 29 ga Nuwamba

Sabuwar dusar ƙanƙara, sawu ya fito raɗau, baƙi sun ƙaru. Harbi daga fadama tun asuba. Duk wanda na ji sai in tsaya da abin da ke hannuna, in jira ko waya za ta yi ƙara.

Da za mu rufe na zare rigar ruwan lemo ɗaya daga cikin na sayarwa. Verna ba ta ɗago daga abin da take yi ba, ta ce, "Ɗauki hular ma. Kanki ne ya fi fitowa a ciyawa."

Asabar, 30 ga Nuwamba

Na riga Wendell isa fadama. Da ya fito daga mota ya gan ni kamar kabewar Orrin, sai ya tsaya.

"Yaya, koma gida."

"Iska nake sha. Dajin na gunduma ne."

Ya shiga, na bi shi. Ba zan iya sa masa riga ba, ƙato ne, amma ruwan lemo ɗaya ya ishi mutum biyu in suna kusa. Duk wanda zai ɗaga bindiga wajensa sai ya gan ni tukuna. Ya gane, ya ƙara sauri. Ni da gwiwar da ke ƙara a kan matakalar coci. Na faɗa ruwa har cinya, ƙanƙarar ta karye da ni, na fito da rarrafe, na ci gaba. Bai waiwayo ba, amma na lura ba ya yin nisan da zan rasa shi.

Wani mutum a kan bishiya ya sauke bindigarsa ya daka mana tsawa: "Baiwar Allah, wannan mahaukacin naki ne? Saura ƙiris!" Na ce nawa ne. Haka kawai ta fito.

Can ciki Wendell ya tsaya a gaban wata bishiya, ya ce, "Nan ne." Ban taɓa zuwa ba. Na ɗauka wurin zai bambanta da sauran dajin. Bishiya ce kawai, da reshe daidai kafaɗar mutum. Na ce, "To."

Tafiyar ta sa ni gumi duk da jiƙewar da na yi, numfashi yana yi mini wuya. Ban yi tunanin komai ba, wallahi, hannuna ne ya kai kan zif na fara zugewa. Ihun da ya yi ban taɓa jin irinsa daga bakin mutum ba. Ya damƙi wuyan rigar da hannu biyu, ya ja zif ɗin har ya datse mini fatar haɓa. "Kada ki cire! Kada ki cire, Yaya, don Allah kada ki cire!" Yana ta maimaitawa, yana jijjiga ni, har ya durƙusa, bai saki rigar ba. Na tsaya a kansa. Ban rungume shi ba, ban kuma ture shi ba. Hankicin nan na zare daga aljihunsa na goge jinin haɓata, na cusa a nawa.

Mun fito tare. 

Lahadi, 1 ga Disamba

Ranar ƙarshe ta wannan farautar. Na makara, gwiwar ta kumbura kamar ƙwarya. Na tarar da shi zaune a mota, bai shiga ba. Rigar saje dai ita ce a jikinsa. Mun yi tafiyar a hankali, shi a gefena, yana ɗaga mini rassa. Da rana ta faɗi harbi ya ɗauke, dajin ya yi tsit.

A bakin titi ya ce, "Gobe masu bindigar toka za su shiga." Na ce na sani. "Za ki zo?" Na ce in ya shiga. Ya dubi ƙafata. "Gwiwarki ba za ta iya ba." Na ce ba za ta iya ba. Ya yi ta murza dusar ƙanƙara da takalmi, can ya ce, "To, sai a bar musu dajin."

Ban yafe komai ba, kada wani ya ce na yafe. Miyar wake na ɗora da na dawo, ta yi wa mutum ɗaya yawa, kuskuren awo ne. Motarsa ce ta biyo tawa, ban kira shi ba. Na dai bar ƙofa a buɗe, sanyi yana ta shigowa. Ina jin shi a waje yana kakkaɓe takalminsa.