Macijin da Petrona ta ɗauko a gonar kofi

Zuwa ga ƙanena Mateo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka a Texas. Allah Ya tsare maka jikinka, Ya sa wa guminka albarka. Mu nan San Cristóbal sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana sallah a tsaye.

Na rubuto ne don kada Inna ta ji maganar a waya. Makon jiya mun gangara gonar Kawu Sebastian tsinkar kofi, na tafi da 'yarka Petrona. Muna cikin aiki sai ga ta ta fito daga bayan wani ruɓaɓɓen kututture, riƙe da maciji hannu bibbiyu, mai zoben ja da baƙi da rawaya, tana dariya. Mateo, duk addu'ar da na sani ta gudu daga bakina. Ta ce in kwantar da hankalina, babanta ya koya mata a waya cewa in ja na jikin baƙi ba dafi, in ja na jikin rawaya a gudu. Har da tsokanata, wai ni gwaggonta mai haddar izu-izu na kasa haddace launi uku.

Kawu ya lallaɓa ta ta ajiye shi, ya daɗe yana juya shi da sanda. Ya ce Allah Ya kiyaye, wannan ba shi da dafi, shi ne wanda ake yi wa sharrin shan nonon shanu, alhali ɓera yake ci. Amma ya ce in gaya maka, macizanmu ba su taɓa zuwa Texas sun ji dokarka ba. A gangaren nan akwai mai kisa wanda shi ma jansa na jikin baƙi, kuma shi da furfurarsa ba ya rantsuwa a kan launi.

Na yi mata bayani, Kawu ya yi. Ta ce babanta bai taɓa yi mata ƙarya ba. Ni ma ban ce ka yi ba, Allah ne shaida, abin da ka gani can ka faɗa. Sai dai kowace ƙasa da irin macizanta. Abin da ya fi tayar mini da hankali, ta riga ta koya wa ƙawayenta na makarantar allo, su ma iyayensu na gangarawa tsinka.

Don Allah ka kira ta, ka ce mata da bakinka dokar ba ta aiki a nan, kada ta sake taɓa kowane iri. Na san da nauyi uba ya janye maganarsa, amma rigakafi ya fi magani, kuma amana ka bar mini.

Inna tana sa maka albarka. Kawu da matarsa Micaela suna gaishe ka. Ka gaida ɗan gwaggonmu, Andrés. Petrona fushi take yi da ni, don na ɓoye takalmanta na gona cikin buhun masara. Ranar Asabar za a koma tsinka. Ba zan fito da su ba sai ta ji muryarka.

Yayarka,
Dominga