Wayoyin Motar Marigayi

Ɗana Bello,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya zaman Legas? Mu nan Shagari sai haƙuri.

Motar mahaifinka ta ƙone a hanyar Kajiji da geronmu ciki, direba dai ya tsira. Rigar wayoyinta ce ta tsufa, sabuwa kuma babu ko a Sakkwato. Bakanike ya ce a naɗe su da tef na roba, na ƙi. Da rigar zare marigayi ya sayo ta, don haka na sa anka naɗe su da sawaye, ƙyallen saƙar auduga. Wai sawayen ne ya sha mai ya kama wuta. Ni ban yarda ba.

Rumbu ba ya kai mu damina. Ka sa mu addu'a, ka gaida yara. Mahaifiyarka tun rannan ba ta amsa gaisuwata.

Baffanka,
Ɗantani