Ɗiyar wana ta rubuta cewa tsoron ordinatar muke

Salamu alaikum ƴan gurup, manya da ƙanana. Admin, don girman Allah ki sa mini wannan ba da sunana ba, garinmu ƙarami ne, kowa ya san muryar kowa. Sunayen da za ku gani duk na canza su. Don Allah ku ba ni shawara, kwana huɗu ke nan tuwo bai yi mini daɗi ba, ko ɗiyana sun daina yi mini magana sai da dalili, don kowa ya matso sai in hau shi da faɗa.

Ni mace ce mai shekara arba'in da shida, ɗiya biyar, jika biyu. Ban taka ƙofar lakwal, wato makarantar boko, ba sai da na kai talatin da uku. Kafin nan ina taimakon ungozoma ne a wata ƙaramar likita, wato asibitin ƙauye, can wajen Sukukutane, ni ce shara, ni ce wankin zannuwa, ni ce riƙon mace in naƙuda ta yi tsanani. Na fara da karatun manya, daga baya na zauna benci ɗaya da sa'annin ɗiyana na yi jarrabawar bureve, sau biyu ina faɗuwa ana yi mini dariya, na uku na ci. Yanzu ina shekarar ƙarshe a wata makarantar koyon aikin lafiya nan Dogon Dutsi. Na faɗi wannan ne don ku san irin macen da anka rubuta a takarda cewa matsoraciya ce.

A ajinmu akwai mu goma sha ɗaya, mata masu shekaru, yara suna kiran mu ajin iyaye. Makarantar tana da bibliyotek, wato ɗakin littattafai, littattafan takarda kaɗan ne kuma duk sun tsufa, amma wata ƙungiya ta sa ordinatar shida, wato kwamfuta, ta biya mana littattafan da ake karantawa ta intanet, na ungozomanci, na magunguna, na kula da jarirai, har da bidiyo. Kowane ɗalibi anka ba shi kod nashi na shiga. Ranar da munka karɓa an sa mu sa hannu kan wata takarda, cewa kod na mutum ɗaya ne, ba a raba littattafan ga kowa, wanda ya karya za a rufe mishi, kuma mai kula da ɗakin shi ma zai amsa tambaya. Munka sa hannu, mi za mu ce.

To ga inda gizo ke saƙa. Ɗakin nan ana buɗe shi da safe, lokacin mu muna sitaj, wato koyon aiki, a likita. Ana sake buɗewa ƙarfe uku zuwa biyar, lokacin da anka tashi aji. Kafin mace ta naɗe zanenta ta miƙe, samari sun cika kujeru shida, wani ma ƙwallo yake kallo. Cikinmu akwai mai komawa Tibiri a kabu-kabu, akwai mai zuwa daga Ɗan Kassari da in ta rasa motar la'asar sai dai ta kwana gari, sauran kuma tukunya na jiran su. Ni mijina ya rasu, manyan ɗiyana mata su ke girki, ni kaɗai ke da wannan awa biyu. Sai na je wurin mai kula da ɗakin, zan kira shi Mushe Iliya, wato Malam Iliya da faransanci, Kirista ne, dattijo mai haƙuri, na ce ya koya mini ko da zagi ne. Wata guda yana nuna mini, ina kama linzamin ordinatar nan kamar na riƙe kunama, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Da na iya, sai na riƙa zuwa Litinin da Alhamis, in tsaya kan saurayi sai ya ji kunya ya tashi, in sauke abin da malamai sunka ce a karanta in zuba a wayata. Ranar Asabar bayan azahar matan nan su taru gidana ƙarƙashin dogon yaro, in tura musu ta bulutut, waya kusa da waya. Mu karanta tare, inda faransancin ya yi ƙarfi mu fasa shi da Hausa, wani zubin in ɗauki murya in tura wa ta Ɗan Kassari tana saurare tana surfe. Shekara biyu muna haka. Mushe Iliya ya sani sarai, in ya ga na jona waya sai ya tashi ya tafi gyaran kantar littattafai.

Ana nan sai ƙungiyar ta ce za ta rage yawan kod, a yi anket, wato bincike, a ga su wa ke amfani da littattafan su wa ba su yi. Direktan makarantarmu ya ba da aikin ga wata ɗaliba daga jami'a da ke neman abin da za ta rubuta kundin kammala karatunta a kai. Kun san ko wa ce? Ɗiyar wana ce uwa ɗaya uba ɗaya, zan kira ta Rabi. Yarinyar da na goya, na yi mata kitso, ni na kai ta aji ɗaya da hannuna tun ni ban san baƙi ba. Na yi murna har na yanka mata zabo. Sati uku ta yi a gidana, Asabar uku tana zaune kan tabarma tana shan hura tana kallon mu muna tura littattafai, har tana gyara mana faɗin wasu kalmomi.

Ta raba takardun tambayoyi, faransanci irin na jami'a. Tambayar ita ce sau nawa kike shiga da kod ɗinki a sati, a zaɓa: kullum, wani lokaci, ko ban taɓa ba. Matan nan ba maƙaryata ba ne, su goma sunka zaɓi ban taɓa ba, don gaskiya ba su taɓa ba. Na duba takardar gaba da baya, babu inda anka tambaya ko kina karanta littattafan. Babu inda anka tambaya mi ya hana ki zuwa. Na yi mata magana, ta ce Gwaggo kar ki damu, malaminta ne ya amince da tambayoyin, ba a taɓa su. Sannan ta karɓi lissafin da na'ura ke ajiyewa na masu shiga, ta koma.

Satin da ya wuce direkta ya tara makaranta ya karanta mana abin da rapor, wato rahoton da Rabi ta rubuta, ya ce. Wai mata masu shekaru ba su amfani da littattafan intanet, saboda tsoron na'ura da rashin sha'awa, don haka an ba da shawara a karɓe kod na ajin iyaye gaba ɗaya a bar wa matasa. Ƙarshen wata za a rufe, kuma saura wata uku mu yi jarrabawar fita. Wani yaro da ban kai in haifi babanshi ba amma na girmi uwarshi ya juyo ya ce, iyaye a yi haƙuri, ordinatar ba ta cizo. Aji ya kwashe da dariya. Hajiyar Tibiri, wadda za ta iya karanto muku babin zubar jini bayan haihuwa da ka ba ta duba ba, ta sunkuyar da kai tana share ido da bakin hijabi. Wallahi da ba a riƙe mini zane ba da ranar an ji kunya.

Ina fita na kira Rabi. Ban bar mata komi ba, na ce ta ci tuwona ta je ta zubar mini da mutunci da biro, na ce idonta ya gani kunnenta ya ji amma ta zaɓi ta gaskata ƙarfe ta ƙaryata gwaggonta, na ce in karatun jami'a ke nan to Allah ya raba jikokina da shi. Sai da na gaji, sannan ta fashe da kuka. Ta ce abin da na'ura ta nuna shi ne kod goma ba a taɓa buɗe su ba, kod ɗaya kuma ya sauke littattafai fiye da na kowa a makarantar, har fiye da na malamai, kuma nawa ne. Ta ce duk wanda ya ga wannan layi ya san raba su ake yi. Sai ta cire shi daga rapor, ta ɓoye wa malaminta, don kar a rufe mini a kuma kori Mushe Iliya. Wai rufa mini asiri ta yi. Na ce to tsoro da rashin sha'awa fa, wa ya gaya mata? Ta ce dole ta ba da dalili, kuma haka ta ga ana rubutawa a irin waɗannan bincike. Kun ji fa. Haka ta ga ana rubutawa! Ta rufa mini asiri da zanen da ta tuɓe wa mata goma, kuma ni ma ɗin kod nawa yana cikin waɗanda za a karɓe.

Washegari wana ya kira ni. Ya ce wata mai zuwa yarinyar za ta tsaya gaban malamai ta kare kundinta, in anka ji ta ɓoye wani abu cikin lissafi, aikin shekara biyu ya rushe, ƙila ma a kore ta. Ya ce ke da kin kusa hamsin, ki bar mai gaba ta wuce. Wannan magana ta fi ta yaron nan ciwo, na kashe mishi waya a kunne, abin da ban taɓa yi ba tun muna yara.

Alhamis mai zuwa mutanen ƙungiyar za su zo reniyon, wato taro, an ce kowane aji zai tura mutum ɗaya ya yi magana, ajin iyaye sunka ce ni. Na je na sami Mushe Iliya na gaya mishi duka. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa, ya ce Hajiya ni ba zan ce ki yi shiru ba, in an tambaye ni ba zan yi ƙarya ba, amma ki sani shekara biyu ta rage mini in huta. Da ya roƙe ni ko ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Matan kuma sun rabu. Hajiyar Tibiri ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in faɗi sunanta farko, mu ɗauki wayoyinmu mu jera su kan tebur, su zaɓi babin da sunka ga dama su tambaye mu. Wasu sun ce a'a, mun sa hannu kan takarda, in anka ce mun karya doka ana iya hana mu jarrabawa, gara mu lallaɓa da abin da ke cikin waya. Amma littattafan zangon ƙarshe ba a ma sa su ba tukuna, kuma daga cikinsu ake fitar da tambayoyi.

To jama'a ga ni gaba kura baya siyaki. In na yi shiru an rufe mana, ƙaryar ta zauna a takarda, gobe wata makarantar ta karanta ta ce ai an bincika, kar a ɓata kod kan tsofaffin mata. In na yi magana ban da tabbas za a bar mana, ina iya jawo wa dattijon da ya koya mini asarar aikinshi, in rusa yarinyar da na goya, in raba kaina da ɗan uwana. Na san na karya doka, ban musu ba, kuma in an koma baya sai na sake. Na yi tunanin in ba Rabi wa'adi zuwa Laraba ta je ta gaya wa malaminta da bakinta, amma ban san ko jami'a tana yafe irin wannan ba. Waɗanda sunka yi kundi a cikinku, ana iya gyara rapor bayan an miƙa shi? Ma'aikatan bibliyotek, akwai hanyar da zan faɗi yadda muke karatu ba tare da na ambaci wanda ya kau da kai ba? Ku gaya mini gaskiya ko da ɗaci. Abu ɗaya kawai, kar wanda ya rubuto mini cewa in yi haƙuri in bar wa Allah. Mata goma sun zaɓe ni in buɗe baki, kuma Alhamis za a kira sunana. In na miƙe, mi zan ce?