Lambar Auta Tana Sauka

Litinin, 3 ga Maris

An kwantar da Auta. Gado na bakwai, ɗakin maza na sama. Shawara ce, in ji Inna. Ciwon hanta, in ji likita. Na gan shi a ƙasa wajen yankar kati, idonsa rawaya shar, har tafin hannu. Sati biyu yana fama, yana tuƙa motar kayansa a haka, ba wanda ya ce min uffan. Ni da na shekara goma sha shida a ɗakin gwajin jini na asibitin nan! Sai da ya yi amai a kan sitiyari sannan aka tuna yana da yaya.

Ban raka su sama ba. Na ce wa Inna aiki ya sha min kai. Ƙarya nake, kwalba tara ce kacal a kan teburina. A wancan ɗakin na sama Baba ya rasu, gado na uku, da irin idon nan.

Talata, 4 ga Maris

Jininsa ya sauko da safe. Mai Tabarau, shugaban ɗakinmu, ya riga ni kai hannu. "Malama, kin san ƙa'ida. Ba a taɓa jinin ɗan'uwa." Na ce na sani, Yallaɓai. Ni nake koya wa sababbi ƙa'idar ma. Yana juya baya na ɗibi ragowar ruwan jinin na saka a na'urata.

ALT, enzayim ɗin da ke nuna halin hanta, 2,340. Na mai lafiya ba ya wuce arba'in.

Na sake sakawa, wai ko na'ura ce. Ba ita ba ce. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Da rana na hau, na tsaya daga ƙafar gado. Inna ta tsare ni sai na yi mata bayani, likita ya yi mata nasa bai shiga ba. Na ce, Inna, a cikin hanta akwai wasu ƙananan ma'aikata, enzayim ake ce musu, kowa yana ɗakinsa yana aiki. In ciwo ya rusa ɗakunan sai su zubo cikin jini, mu kuma mu ƙirga su. In lamba ta hau, gida na rushewa. In ta sauka, an fara gyara. Ta gyaɗa kai, ta yage murfin kwalin magani ta ce in rubuta mata. Na rubuta. Minti biyar na yi na sauko.

Alhamis, 6 ga Maris

1,980. Na kai, na rubuta a ƙarƙashin ta farko.

Auta ya hango littafi a aljihun farar rigata. Jarrabawar ƙarin girma saura wata guda, ga ni ban iya jera azuzuwan enzayim ba tare da na leƙa ba. Shida ne a tsohon littafina, yanzu an ƙaro na bakwai, kamar shidan ba su ishe mu ba. Ya ce, "Likitar kwalba, nawa enzayim ɗin na wane aji ne?" Tun yana yaro bai iya kiran mutum da sunan arziki ba. Na ce na biyu, masu ɗaukar abu daga wannan su kai wa wancan.

"Au, 'yan dako ne? Ashe abokan aikina ne. Ki ce musu su koma bakin aiki, tafiya na jirana."

Inna ta yi dariya har da hawaye. Ni ma na yi, amma idona na kan ƙofa.

Asabar, 8 ga Maris

1,150. Inna ta ɗaga hannu sama.

Lahadi, 9 ga Maris

Ba aiki yau, ba lamba, ban je ba. Na wanke kayan da ba su yi datti ba. Na zauna da littafi: masu musayar lantarki, 'yan dako, masu fasawa da ruwa, masu tsinkawa, masu sake fasali, masu haɗawa, da baƙon nan na bakwai mai tsallakar da kaya ta bango. Na haddace tsaf, bayan awa ɗaya ya zube.

Inna ta kira sau biyu. Na biyun ta ce bai ci komai ba, barci kawai yake da rana tsaka. Na ce hutu ne, jiki na gyara kansa. Da bakina na faɗa.

Talata, 11 ga Maris

Ba wanda ya rubuta a yi masa ALT yau. Na roƙi nas ta ɗebo min kaɗan. 640.

Ruwan jinin da ya fito daga injin ware ruwan jini ya yi duhu kamar shayin da aka manta a kan wuta. Na gani. Na ce wa kaina hasken fitilar ɗakin ne, tun bara muke ƙorafi a kanta.

Laraba, 12 ga Maris

310!

Da gudu na hau benen, ni da gwiwata mai ciwo. Inna ta rungume ni, rabon da ta yi haka tun ina makaranta. Ta bi gado-gado tana nuna wa masu jinya murfin kwalin: "Ku duba, daga dubu biyu. 'Yata ce ke aunawa da hannunta." Ta kira 'yan'uwa ta ce a daina zuwa da fuska a murtuke, Auta ya kusa fita. Shi kuwa ya buɗe ido ya ce min, "Kin rufe bayan motar?" Na ce wace mota? Ya koma barci. Muka yi dariya, wai mafarkin aiki yake.

Yau na yi farin ciki. Bari in rubuta, don na yi.

Alhamis, 13 ga Maris

Mai Tabarau ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Na ɗauka faɗan ƙa'ida ne, har na shirya ba da haƙuri. Bai ko ɗaga murya ba. Takardu uku ya jera min a tebur. Ta farko tawa, lambobin da nake ta kaiwa sama. Ashe na'ura na ajiye komai, ya gani tun rana ta farko. Ta biyu daga teburin da ke bayana: bilirubin, abin da ke sa ido rawaya, daga 190 ya haura 480. Ta uku daga ɗakin da ke kusa: jinin da ya kamata ya daskare cikin daƙiƙa goma sha uku yanzu yana kaiwa talatin da takwas.

Ya ce, "Malama, in ɗalibi ya kawo miki waɗannan ukun tare, me za ki ce masa?"

Na san amsar, tana shafi na tamanin da ɗaya a littafina, ni na ja mata layi da jan biro. Lamba takan sauka don an daina rushewa. Takan sauka kuma don babu sauran abin da zai rushe. Ma'aikatan ba komawa ɗaki suka yi ba, ƙarewa suka yi.

Taku huɗu ne tsakanin teburina da na bilirubin. Kwana tara ban yi takun nan ba. Abin da nake so in gani na auna, shi kaɗai, kullum.

"Likita ya nemi ganin Inna tun jiya," in ji shi. "Ta ce ba sai ya wahala ba, 'yarta ta riga ta gaya mata."

Na shiga bayan gida na kunna famfo don kada a ji ni.

Juma'a, 14 ga Maris

180. Ban kai ba.

Inna ta aiko nas har sau biyu. Na ce na'ura ta lalace. Allah ya yafe min, na'urar nan ba ta taɓa yi min ƙarya ba, ni ce dai.

Asabar, 15 ga Maris

Haushin kowa nake ji. Na Auta da ya ɓoye sati biyu. Na Mai Tabarau da ya zuba min ido kwana tara yana gyara tabarau. Na wanda ya ƙaro aji na bakwai. Wata sabuwar ma'aikaciya ta kawo jini ya fashe a kwalba, na yi mata tatas a gaban mutane, har ta yi kuka. Laifinta bai kai rabin haka ba.

Yadda zan fara gaya wa Inna ne ban sani ba. Ni na ba ta ma'aunin, ni na rubuta mata a kwali.

Lahadi, 16 ga Maris

Na gaya mata. A baranda, kan bencin da ƙafarsa ɗaya ke rawa. Na fara da azuzuwa da ɗakuna da ma'aikata, ina ta kewaye-kewaye, ta ce, "Ke, bar karatun nan. Faɗi." Na ce Inna, saukar nan ba ta sauƙi ba ce. Hantar ce ta gaji. Likita zai yi abin da zai iya, amma.

Na jira ta yi ihu, ko ta ce na yaudare ta. Ta ciro murfin kwalin daga bakin zaninta ta daɗe tana kallo.

"Ranar Laraba na yarda," ta ce. "Wallahi na yarda, don na ga kin hau da gudu. Amma ni nake goge masa jiki. Ni na yi jinyar ubanku. Tun Juma'a yake kirana da sunan kakarku."

Na ce to me ya sa kike ta aikowa a kawo lamba?

"In ba lambar ba, me zai hawo da ke? Minti biyar ɗin nan yake jira. Da ya ji takalmi a bene sai ya ce ga Yaya nan."

Ta miƙa min kwalin ta ce in riƙe, ita ta gama da shi.

Talata, 18 ga Maris

Na ɗauki hutu. Mai Tabarau ya sa hannu bai tambaye ni kwana nawa ba. Jarrabawa kuma ta jira wata shekarar, ko ta bari.

Kujerar gefen gado na bakwai ta roba ce, tana cin baya. Tun safe nake kai. Na yanke masa farce, akwai sauran baƙin mai a ƙarƙashin na babban yatsa, sati biyu bai fita ba. Na shafa masa man leɓe. Inna ta samu ta miƙe a tabarma, har da minshari.

Wajen la'asar aka hawo min da takarda a ninke daga ƙasa, da rubutun Mai Tabarau a baya. Na sa a cikin littafin nan.

Can ya farka, idonsa ya tsaya a kaina sosai, ya gane ni. "Likitar kwalba. Nawa yau?"

Na ce ban duba ba.

"Ke?" Ya yi ɗan murmushi. "To me kika zo yi?"

Na ce zama.

Ya kama hannun rigata ya koma barci, bai saki ba. Da hagu nake rubutun nan, shi ya sa ya karkace. Takardar tana nan a ninke.