Turaren da Shanunku Suka Ƙi

Zuwa ga Luba, sanyin idona, madarar safiyata, inuwar da nake gudu gare ta in rana ta take!

Ina gaishe ki da zuciyar da ta ƙi zama wuri ɗaya. Kin tuna daminar da muka fake a gindin ɗorawa, bayan rugarku ta Ɗansoshiya, kika nuna mini kabare yana saƙa sheƙa? Kika ce ita macen, da ido take zaɓen sheƙa, in ciyawar ta bushe ko kallo bai ishe ta ba. Kwaɗo da murya yake neman tasa, bijimi kuwa hanci yake ɗagawa sama ya gane wadda ta shirya masa. Na yi ta dariya. Ashe karatu kike ba ni, ƙato da ni ban ɗauka ba!

Wayyo ni! Wa ya aike ni? 'Yan watanni a Kano, sai ga ni ranar Asabar na zo zance da shadda mai ƙara, na tuttula turare a jiki. Shanun da na yi kiwonsu tare da yayyenki suka shaƙa suka watse, saniyarki ta yi fatali da ƙwaryar nono, Baffanki ya ce wanda garkensa bai sani ba, shi ma bai san shi ba. Duk wannan bai ƙona ni ba kamar yadda kika ja mayafi kika toshe hanci, kika shige bukka.

Na ji wani saurayi mai suna Uba ya turo manyansa neman aurenki, Baffa kuma ya bar miki zaɓi tsakanina da shi kafin ku tashi zuwa Doguwa ranar Laraba. Haba Luba! A kan turaren kanti za ki guje ni? Wallahi na wanke, shaddar ma na bayar. Jiya na je bakin garke da tsohuwar rigata, na yi fiton da kika sani. Shanu suka ɗago kai, saniyarki ta tako ta lashi hannuna. Na tsaya har ƙafafuna suka yi tsami. Ke kaɗai ce ba ki leƙo ba.

Ban ga laifinki ba, farin watana. Laraba zan tsaya inda za ku ratsa titin Kiru. Ko sunan wa kika faɗa wa Baffa, ki waiwayo sau ɗaya.

Naki har ranar da ƙasa za ta rufe idona,
Hamidu