A Ƙirga Mini Zangon da Na Yi Takaba

Zuwa ga Mai Girma Daraktan cibiyarmu ta karatun digiri daga gida, Bauchi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ranka ya daɗe, na rubuto a fili ne domin sau uku ina hawo keke-napep daga Inkil zuwa ofishinka, kullum a ce mini kana taro.

Ni malamar firamare ce. Dokarku ta ce mai takardar malanta irin tawa sai ya yi rajistar zango shida kafin a ba shi digiri. Yau shekarata uku cif da shiga, kuma babu kwas ɗin da ban ci ba. Amma an riƙe sakamakona, wai zango biyar aka gani a fayil ɗina, sai na sake zaman wani.

Na ɗaya, ga inda zangon ya shige. Maigidana ya rasu saura mako guda a buɗe rajistar zango na uku, na shiga takaba. Rajistarku kuwa sai mutum ya zo da ƙafarsa ya dangwala yatsa. Na aiki ƙanin marigayi da takardar shaidar rasuwa, aka ce masa yatsansa ba nawa ba ne. Gaskiya suka faɗa. Na san malamai sun yarda mai takaba ta fita don lalura, amma surukata tana zaune a tsakar gida tana kukan ɗanta, na kasa buɗe baki in ce mata rajista lalura ce. Kafin in fita takaba, an rufe.

Na biyu, ban ajiye karatu ba. Madam Rifkatu, abokiyar karatuna, takan taso daga Gwallameji duk Asabar da littattafan zangon, mu baje su a tabarma. Ban taɓa karatu irin na watannin nan ba, don shi kaɗai yake raba ni da tunani. Da na dawo, ofishinku da kansa ya sa hannu na raba kwasa-kwasan a sauran zangunan, kuma ba wanda ya ce mini da sauran magana a gaba.

Na uku, makarantarmu ta buɗe sashen sakandare, an ce gurbin malamar lissafi nawa ne idan na kawo sakamako kafin a dawo hutu. In ban kawo ba, za a ɗauko daga waje. Marayu huɗu nake riƙe da su, abin yana tsorata ni.

Ban raina dokar ba. Na san an kafa ta ne don masu neman digiri a dare ɗaya, kuma sauri ya haifi nawa. Sai dai ni ban yi sauri ba.

Roƙona biyu ne: a sake duba fayil ɗina kafin hutun nan ya ƙare, sannan a samar wa mai takaba hanyar rajista daga ɗakinta, tunda karatun daga gida kuka kira shi. Ban nemi a ƙara mini maki ko ɗaya ba. A ƙirga mini wata huɗu da kwana goman nan kawai. Ni na ƙirga su ɗaya bayan ɗaya.

Allah ya yi maka jagora, ya bar ka da iyalinka cikin rufin asiri.

Wassalam.
Taku, Malama Hadiza, Inkil.